Tilawar Fomula a Ɗakin Jarrabawa

Wawan wannan labari ni ne. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, domin na san mutanen garinmu, in na yi shiru su za su faɗa, kuma ba za su bar shi yadda yake ba. Abin da kawai nake roƙon mai karatu shi ne ya lura da irin wautar. Ba ta jahili ba ce. Wauta ce ta mai ilimi, irin wadda sai mutum ya shiga aji ya zauna a benci kafin ya iya ta.

Na yi boko har aji huɗu a Shagari. Da an bar ni da yanzu wani zance ake yi, amma mahaifina ya duba ya ga gero da shanu sun fi gwamnati bukatata, ya mayar da ni garinmu Horo Birni. Duk da haka ban dawo haka nan ba. Na dawo da tebur a kaina, tun daga biyu sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu, wanda malaminmu ya dasa mana da waƙa da tsumagiya. Har gobe in ka tashe ni daga barci ka ce bakwai sau takwas, zan ba ka amsa kafin in tambayi ko kai wane ne. Kafin boko kuma na yi makarantar allo, inda ba ka wanke allo sai ka biya abin da ke kansa da ka. Makarantu biyu ke nan, kuma abu ɗaya suka koya mini: ilimi shi ne abin da ke cikin kai. Abin da ke kan takarda na takarda ne, akuya ma tana iya cinye shi.

Ina da jika mace, ɗiyar babban ɗana mai safarar albasa zuwa kudu. Ni da tsohuwata, wato matata, muka raine ta. Tun ranar da ta tsaya tana kallon wata saniyarmu ta mutu wajen haihuwa, mu manya muna kewaye ba mu da abin yi sai addu'a, yarinyar nan ta ce ita likitan dabbobi za ta zama. Mun ɗauka zancen yara ne. Ba ta saki maganar ba har ta shiga babbar sakandare a Bodinga, inda take zaune wurin gwaggonta, ɗiyata ta biyu. A makarantar tasu ƙarshen shekarar farko ake raba ɗalibai. Wadda ta ci lissafi ta shiga ajin kimiyya, wadda ta faɗi ta shiga ɗaya ajin, kuma daga ɗaya ajin babu hanyar da ta bi zuwa likitanci, ko na mutum ko na tunkiya.

Ana saura 'yan makonni jarrabawar aka ba su ɗan hutu, ta zo gida. Na dawo daga gona na iske ta gindin dogonyaro da wata takarda guda, cike da haruffa da alamomi kamar sawun kaji a kan rairayi.

"Ke 'yar tsohuwa, mi na wanga?"

"Takardar fomula ta, Baba Tsoho."

Ta yi mini bayani. Fomula dai ƙa'idar lissafi ce, gajeruwar hanyar da ake bi a gano abu, kamar faɗin da'ira ko yawan ruwan da ganga za ta ci. Malaminsu ya tattara su a takarda ɗaya ya raba musu don su saba da ita, ranar jarrabawa kuma za a ba kowa sabuwa tare da takardar tambayoyi.

"Wa za shi ba ku?"

"Makaranta."

"Cikin ɗakin jarrabawa?"

"Ciki."

"Shugabar makaranta ta san da maganar?"

"Ga hatiminta nan ƙasa."

Na nemi turmi na zauna. A zamaninmu ma akwai masu satar amsa, ba zan yi ƙarya ba, amma suna da kunya. Mutum a cinyarsa yake rubutawa ko ya cusa cikin hula, yana zufa yana waige. Ban taɓa zaton zan rayu har in ga sata da hatimi ba.

Yarinya ta yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya. Ta ce ba amsa ba ce, kayan aiki ne, kamar a miƙa wa mutum galma, ai ba a yi masa noman ba. Na ce galma ba ta shiga ɗakin jarrabawa. Ta ce kowa zai duba. Na ce kowa ba jikana ba ne. Tsohuwata tana bakin murhu ta ce in bar yarinya ta yi abin da malamanta suka ce, na tuna mata cewa tsakanin ni da ita mutum ɗaya ne ya taɓa zama a benci. Daga nan na yanke hukunci. Na ce in an miƙo mata takardar ta karɓa da ladabi, ta kife ta a kan tebur, kada ta ɗaga har a tashi. Na ce albarkata da takardar sata ba za su zauna benci ɗaya ba, ta zaɓa.

Ta ninke takardar. Sannan ta ce, "Na jiya. Na yi alkawali."

Na san jikata. In ta ce ta yi alkawari, an gama.

Ba mugu ba ne ni, kada a ce na ƙwace wa yarinya abu na bar ta haka. Ran kasuwa na hau Shagari na sayo sabon allo, domin ba zan rubuta boko a allon da ya taɓa ɗaukar aya ba. Na dafa tawada, na feƙe alƙalami. Kullum bayan sallar asuba sai in ajiye takardar a gwiwa in kwafi layi biyu ko uku a allo. Ban san ma'anar ko ɗaya ba, zane nake yi kamar mai yi wa riga aiki, ita kuma ta duba ta ce daidai ne. Sai ta karanta mini da bakinta, ni kuma in sa masa sauti, irin sautin da ake karatu da shi a tsangaya. Ta zauna a tabarma, allo a cinya, tana rausaya gaba da baya tana maimaitawa. In ta biya mini da ka babu gargada, ta wanke, in yi mata ƙari. Kafin ƙari kuma dole a yi tilawa, a ɗauko tun daga layin farko a gangaro har inda aka tsaya. Haka aka yi mana, kuma ba mu lalace ba.

Ranar farko tsohuwata ta ga ruwan wankin allo a ƙwarya, ta tambaya ko ba yarinyar za a yi ta sha. Na ce a'a, ban san abin da ke ciki ba, a zuba gindin lemo. Lemon nan bana ya yi 'ya'ya sosai, amma ba zan ɗora wa fomula ba tunda ba ni da shaida.

Kafin hutu ya ƙare ta sauke takardar duka. Tana ɗaukowa daga sama ta zubo har ƙasa kamar ruwa daga indararo. Maƙwabta suna leƙe ta katanga. Liman da kansa ya tsayar da ni bakin masallaci ya ce wace sura ce yake ji daga gidana da safe, shi bai gane ruwayar ba. Na ce masa ta kimiyya ce. Na raka jikata tasha ina jin kaina kamar wanda ya gyara ilimin jiha gaba ɗaya.

Ranar da suka yi lissafi, da yamma, gwaggonta ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Baba, mi kas sa yarinyar ga ta yi? An kama ta da satar jarrabawa."

Na ce ta sake faɗi, wataƙila sabis ne. Ta sake faɗi. An karɓe takardarta tun lokaci bai cika ba, an rubuta a kai da jan biro, kuma gobe ake son ganin wani nata a ofis. In abin ya tabbata za a soke lissafin, ajin kimiyya kuwa sai dai ta gani ta taga. Yarinyar tun da ta dawo ta shige ɗaki, ta ƙi magana, ta ƙi abinci.

Da sassafe na sa babbar rigata ta Juma'a, na naɗe allon a cikin tsohon zane, na hau bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu. Mun yi nisa, har mun wuce gonakin gari, na taɓa aljihu na ji babu carbina. Na ce ya juya. Ya ce Baba za mu makara, na ce ko gobe za mu isa sai mun koma, ba ni tafiya babu shi. Ya juya yana guna-guni. Daga Shagari na shiga mota zuwa Bodinga, allo a ƙirji, ina shirya jawabi.

Na shiga ofishin da sallama, na bi ta da "gud monin" domin su san da wa suke magana. Mutum uku na iske. Shugabar makaranta, wata dattijiya mai tabarau, tana bayan tebur. Gefe ga malamar da ta sa ido a ɗakin jarrabawa, sai malamin lissafi, wani saurayi siriri da ban ga alamar ya taɓa riƙe tsumagiya ba. Jikata tana tsaye jikin bango, ido ya kumbura.

Malamar ta ba da labari. Ta ce tun da aka fara ta lura yarinyar ta kife takardar fomula, ko kallonta ba ta yi. Can sai ta ga ta rufe ido tana kaɗa jiki gaba da baya, leɓe yana motsi, murya tana fita ƙasa-ƙasa. Ta yi mata kashedi, ta yi shiru, bayan ɗan lokaci ta sake. Ta zaci waya ce a ƙarƙashin hijabi, ta duba kunnuwanta ba ta ga komai ba. Da abin ya ci gaba, ga kuma 'yan matan da ke kusa sun fara karkato da kai, sai ta yanke cewa amsa take karanta musu. An tambaye ta dalili, ta ƙi cewa komai.

Shugabar ta dube ni ta saman tabarau. "Baba, ka ji abin da jikarka ta yi?"

"Na jiya, ranki shi daɗe. Kuma ina shaida miki, duk ɗakin nan ita kaɗai ta ba ta yi sata ba."

Na kwance zane na ɗora allon a kan teburinta, a kan fayil-fayil ɗinta. Layukan ƙarshe suna nan ba a wanke ba. Ta ɗauka ta juya shi gaba da baya, ta miƙa wa malamin lissafi. Ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Mai magana da kai."

"Babu kuskure ko ɗaya."

"Aji huɗu na da," in ji ni, "ba na yanzu ba."

Na juya ga jikata na ce, "Biya." Ta dube ni kamar za ta nutse. Na sake cewa, "Biya, 'yar tsohuwa, daga sama." Ta rufe ido. Jiki ya fara rausaya da kansa, murya ta fito, fomula tana bin fomula da sautin tsangaya. Ban san lokacin da na shiga ina ja mata baki ba, ina buga ƙafa. Malamar da ta kama ta ta dafe ƙirji ta ce wallahi wannan sautin ne ta ji. Shugabar ta cire tabarau tana goge ido da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka karatun ne ya ratsa ta.

Da aka natsu malamin lissafi ya ce yana da roƙo ɗaya. Ya ce wa yarinyar ta ba shi fomular ganga kawai, ita kaɗai. Ta rufe ido. Sannan ta koma layin farko ta fara gangarowa, domin ta ganga can take kusa da ƙarshe, kuma ban koya mata shiga karatu ta tsakiya ba. Wa yake shiga karatu ta tsakiya? Malamin yana kallon agogon bango har ta iso.

"Ka gani, Baba? Kowace tambaya sai ta koma farkon allo. Abokan zamanta kallo ɗaya suke yi wa takarda su wuce ga aikin. Ni aikin nake son gani, ta san wace fomula tambaya take nema, ta san inda za ta sa kowace lamba. Wannan ba ya cikin takardar, ko na ba ta goma." Ya ɗago takardar amsarta mai jan biro. "Abin da ta yi duk daidai ne. Amma lokaci ya kusa cika, ko rabi ba ta kai ba."

Jawabi ne mai kyau, ba laifi ga yaro. Ni dai abin da kunnena ya ɗauka shi ne "duk daidai ne", sauran na bar masa kayansa.

Shugabar ta yanke hukunci. Zancen sata ya mutu, za a goge jan biro. Akwai 'yan mata da rashin lafiya ya hana su zama, za a yi musu tasu jarrabawar mako mai zuwa da sababbin tambayoyi, jikata ta shiga cikinsu. Sharaɗi ɗaya, baki a rufe, jiki a tsaye, domin ɗakin jarrabawa ba zaure ba ne. "Takardar fomula kuwa," in ji ta, "mu za mu ba ta. Buɗewa da kifewa tsakaninta da kakanta ne."

Na yi godiya, na naɗe allona, muka fito. Ni a wurina nasara ce. Na zo an ce jikata ɓarauniya, na fita an ce duk daidai ne.

A gidan gwaggonta aka sa ni gaba. Ɗiyata ta ce in dubi Allah in saki yarinya daga alkawarin nan. Ta ce in babu murya babu rausaya karatun ba ya zuwa wa yarinyar, ta gwada a ɗaki ta gani, ko ya zo ma lokaci ba zai isa ba. Na ce a ba ni kwanakin da suka rage in koya mata tilawar zuci mai sauri. Ta kira uban yarinyar yana kan hanyar kudu, ya yi ta "Baba ka yi haƙuri" har sabis ya ɗauke. Ta kira tsohuwata, ita kuma ta faɗi abin da ba zan rubuta a littafi ba. Ban motsa ba. Don in sauya zance ma sai na shiga ba su labarin ɗan kabu-kabun da na sa ya juya saboda carbi, da yadda ya kumbura fuska. Ba wanda ya yi dariya. Jikata tana bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faranti.

Kada in bar mai karatu cikin zulumi. Ta sake zama jarrabawar, takarda a buɗe gabanta da izinina, ta gama har da saura lokaci. Yanzu tana ajin kimiyya, in ta zo hutu tana buɗe bakin tumakina tana faɗa mini abin da ke damunsu da Turanci. Mutanen garinmu suna yaɗa cewa shugabar makaranta ce ta kayar da ni, wasu su ce malamin lissafi. Ƙarya ne, babu ɗan bokon da ya taɓa kayar da ni a zance. Ga yadda aka yi.

Na dawo daga sallar la'asar a ranar da muka je ofishin, na zauna a tabarma tsakar gida ina lazimi. Ɗiyata ta sake ɗauko maganar. Na ga dai sai na yi musu karatu na ƙarshe, na ɗaga hannu, carbi yana lilo a yatsuna.

"Ku saurara, ku duka. Wanda yas san abu, cikin kai nai yake. Ba shi bukatar wani abu ga hannu da za shi tuna mai. Duk wanda kunka ga ya riƙo abin tuni, to bai sani ba, ya dai iya ado. Mu haka munka tashi, haka za mu koma ga Allah."

Na ci gaba da jan carbina domin maganar ta zauna. Jikata ta ajiye farantin shinkafa. Ta taso ta kawo mini ruwa a kofi, ta durƙusa yadda aka koya mata, ta ajiye a gabana. Ba ta tashi ba. Ta miƙo tafin hannunta a buɗe.

"Mi kike so, 'yar tsohuwa?"

"Carbin, Baba Tsoho. Tun ba a haifi babana ba kake ƙidaya talatin da uku bayan kowace salla. Ai yanzu ka hardace. Kawo in kife maka shi."